Baƙon da Ya Sauka a Kan Falwaya

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Alhamis, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, kwanon gidaje sai ƙyalli yake yi, indararo kuma bai gama ɗiga ba. Tela ya rufe shago da wuri, ya hau saman bene da madubin hangen nesa rataye a wuya, da littattafai biyu a cikin leda don kada su jiƙe.

Wata huɗu ke nan da ya fara kallon tsuntsaye, kuma ba da niyya ya fara ba. Idanunsa ne suka soma yi masa yaji, har zura zare a allura ya koma sai ya gwada sau biyar. Cikin waɗanda yake yi wa ɗinki akwai wata tsohuwa da ta ajiye aikin asibiti, kowa Inna Nas yake ce mata. Ita ta gan shi yana ta murza ido a kan keke, ta ce masa idon da ya wuni a kan allura yana bukatar ya kalli nesa. Ranar Asabar ta tafi da shi bakin dam, inda take haɗuwa da wasu mutum biyar ko shida masu wannan sha'awa. Ta ara masa tsohon madubinta, ta ba shi wani littafin hotunan tsuntsaye da bangonsa ya cire, ta ce ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Doka ɗaya ta kafa masa: in ya ga tsuntsun da bai sani ba, ya fara rubuta abin da idonsa ya gani, ya zana in zai iya, sannan ya buɗe littafin hotuna. Ta ce ido ɗan koyo ne, da zarar ya ga hoto sai ya rantse abin da ya gani ke nan.

Gidan na yayan matarsa ne. Tela da matarsa, wadda 'yan gidansu ke kira Auta, suna ɗakunan ƙasa, shi kuma yana sama. Shekara ashirin ya yi yana jan tirela kafin ciwon baya ya sauke shi, amma har yau Direba ake ce masa. Yanzu ba shi da aiki sai tattabaru, guda arba'in da 'yan kai, a wani akurki na katako da ragar waya da ya kafa a kusurwar bene. Ba mugun mutum ba ne, baki ne da shi. Tun ranar da ya ga Tela da madubi ya raɗa masa Malam Leƙe, kuma sunan ya bi shi har wajen mai shayi.

Bayan gidan akwai wani fili da aka kewaye ba a gina ba, katangarsa ta zube ta gefe ɗaya. A tsakiyarsa wata tsohuwar falwaya take tsaye, an daɗe da kwashe wayoyinta. Can gaba kuma, tafiyar kamar minti goma, ruwan dam ne. A kan wannan falwaya Tela ya saba ganin hankaka, wani lokaci kurciya. Yau da ya ɗaga madubi sai ya ga wani abu dabam zaune a kai, ya miƙe tsaye kamar wanda ya zo karɓar wurin.

Ba shirwa ba ce, shirwa ya san ta da wutsiyarta mai tsaga. Ba ungulu ba ce. Baki lanƙwasasshe, ƙirji fari-fari, ga wani baƙin abu a fuska. Rana tana bayan tsuntsun, tana dukan madubin, idon Tela har ruwa yake yi. Zuciyarsa ta hau bugawa. Tsoronsa kada ya tashi kafin ya san ko wane ne. Sai hannunsa ya tsallake littafin rubutu ya zaro na hotuna. Ya buɗe wajen masu farauta, shafi na biyu kawai ya juya ya ga wani mai farin ƙirji da baƙin zane a kumatu. A ƙasan hoton an zana shi ƙarami, ya danne tattabara da ƙafa. Tela ya kalli hoton, ya kalli falwaya, ya sake kallon hoton. Kowane kallo sai ya ga sun ƙara kama.

Ana haka Direba ya hawo, dafe da ƙugu, riƙe da kwanon hatsin tattabaru.

"Malam Leƙe, yau kuma gidan wa ake leƙawa?"

Bai jira amsa ba ya bi inda madubin ya nufa da ido, sai ya ajiye kwanon. Ya ce wannan abin ya kai mako biyu yana zuwa, safe da yamma, kuma kullum da safe yana ganinsa yana yagar wani abu a kan falwayar. A cikin mako biyun nan tattabarunsa uku suka ɓace, har da wata ja mai tukku wadda ya fi ji da ita. Ya ce in wannan madubin da wannan littafin suna da wata rana, to yau ce.

Shekara uku Tela yana zaune a gidan nan, Direba bai taɓa tambayarsa wani abu da ya wuce kuɗin yadi ba. Ya ji kansa ya ɗan yi nauyi. Ya miƙa littafin, ya ɗora yatsa a kan hoton.

"Shaho ne, Yaya. Irin mai cin tattabara. Ga shi nan."

Direba ya kawo littafin kusa da hanci, ya daɗe yana kallon ƙaramin zanen. Ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Tela, ya ce ashe dai abin ba shirme ba ne. Sannan ya faɗi abin da zai yi kamar mai lissafin hanya. Mai walda na bakin titi yana da bindigar harbin tsuntsu, ya yi tafiya amma zai dawo Asabar da yamma. Lahadi da safe zai laɓe a bayan rusasshiyar katangar, daga nan zuwa falwaya bai fi taku talatin ba. Ya watsa wa tattabaru hatsi ya sauka yana fito. Da Tela ya waiga, falwaya ba kowa.

Wajen cin abinci Auta ta ce yau me ya faru, Yaya ya shigo yana yabon mijinta har ta ɗauka zazzaɓi yake yi. Tela ya yi murmushi, amma shinkafar ba ta wuce masa sosai ba. Da aka kwashe kwanuka ya ɗauko littafin rubutu don ya cike abin da ya tsallake. Ya zana kai, ya zana baki, ya ja baƙin zane daga ido zuwa ƙasa. Da ya gama sai ya ga ya yi kyau ƙwarai, kyan da ya sa ya tsargu. Ya buɗe littafin hotuna ya ajiye su gefe da gefe. Hoton littafi ya kwafa, har yadda ya karkata wuya. Ya rufe ido ya nemi na kan falwaya, bai same shi ba. Abin da ya rage masa kawai baƙar inuwa da rana a bayanta.

Ranar Juma'a ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake. Da yamma ruwa ya sauko bai ɗauke ba sai duhu, bai sami hawa sama ba.

Asabar da sassafe ya tarar da Inna Nas a bakin dam, zaune a kan 'yar kujerarta mai naɗewa, ta miƙe ƙafar da ke damunta. Sauran sun yi gaba wajen ciyayi suna ƙirga balbelu. Ya gaishe ta, ya tsuguna, ya ba ta labari tun daga farko, sai dai maganar bindiga ya bari a ƙarshe. Ta miƙo hannu ba ta ce komai ba, ya san littafin rubutu take nufi. Ta duba zanen, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana, wannan a kan falwaya ka zana shi ko a kan gado?"

Ya ce a kan gado.

Ba ta yi masa faɗa ba. Tambayoyi ta yi ta jero masa a hankali, kamar yadda ta saba yi wa marasa lafiya. Girmansa ya kai hankaka ko ya fi? In ya naɗe fiffike, bakinsu ya wuce wutsiya ko bai kai ba? Ƙafafunsa wane launi? Baƙin da ke fuskar, ƙasa ya gangaro ko baya ya tafi? Duk wadda ta yi sai ya buɗe baki ya rufe. Ya roƙe ta ta zo ta gani da kanta, ko ta faɗa masa abin da take zato. Ta ce gwiwarta ba ta hawa bene, yau kuma 'yarta za ta zo ta tafi da ita sai Talata. Zato kuwa tana da shi har guda uku, amma ba za ta ba shi ko ɗaya ba, don in ta ba shi zai je ya gan shi a kan falwaya kamar yadda ya ga na littafi.

"Ka koma. Ka sa rana a bayanka, ba a gabanka ba. In ya tashi ka je gindin falwayar ka duba ƙasa. Mai ci yana zubarwa."

Da ya miƙe zai tafi ta ƙara da cewa kowa a cikinsu ya taɓa yin wannan kuskure, ita ma ta yi, sai dai nata ba wanda ya je aron bindiga a kansa.

Ƙarfe huɗu ya bar shago. Bai hau bene ba, ya zaga ta lungun bayan gida, ya bi ta cikin ciyawa mai laima har ya kai gefen yamma na filin, ya zauna a kan wani bulo. Littafin hotuna ya bar shi a cikin leda, ya ɗaure bakinta har sau biyu. Ya jira kusan rabin awa, sauro na cizon idon sawunsa. Sai ga shi ya taho daga wajen ruwa, fiffike dogaye, a karye a tsakiya kamar gwiwar hannu. Ya yi kewaye ɗaya ya sauka.

Yanzu rana tana haska shi sosai, kuma abin da Tela ya fara gani shi ne girma. Ya ninka hankaka. Ya rubuta. Bayansa ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa fari tas, da ɗan dabbare-dabbare a ƙirji. Ya rubuta. Kansa fari ne, gashin ƙeya a hargitse kamar wanda ya tashi daga barci. Ido rawaya. Ƙafafu fari-fari masu kauri. Bakin fiffike ya ɗan zarce wutsiya. Baƙin zanen kuwa, wanda ya jawo duk wannan magana, bai gangaro kumatu ba ko kaɗan. Daga baki ya taso, ya ratsa ido, ya wuce baya har ƙeya ya haɗe da duhun wuya, kamar an ja tef an zagaye kai. Tela ya ji kunya ta kama shi shi kaɗai a cikin ciyawa. Mutumin da ke gane karkataccen ɗinki daga tsallaken titi, shi ne bai bambanta layin da ya sauka da wanda ya kwanta ba.

Ya cika shafi guda da rubutunsa mai manyan baƙaƙe, ya yi zane mummuna amma nasa. Da tsuntsun ya gaji da gyaran gashi ya tashi, Tela ya ƙarasa gindin falwaya. Ƙarni ne ya fara tarbarsa. Ƙasa duk ɓawon kifi, wasu sun bushe sun nannaɗe, wasu na ƙyalli. Ga ƙaya, ga guntun wutsiya ƙudaje na bi. Ya zagaya sau biyu a sunkuye yana neman gashin tattabara, ko ɗaya bai gani ba. Ya tsinci ɓawo da wutsiyar ya ƙunshe a takarda.

Sai a lokacin ya kwance ledar. Ya wuce shafin shaho, ya yi ta juyawa, har ya fara zaton babu shi, sannan ya same shi can gaba shi kaɗai a shafinsa. Sunan da aka rubuta na wani harshe ne, ya gwada haɗa baƙaƙen bakinsa ya ƙi. Amma ga tef ɗin a kai, ga hargitsattsiyar ƙeya, ga karyayyen fiffike. A ƙasa an zana shi ƙarami yana tashi daga ruwa da kifi a ƙafa.

Ya tarar da Direba a tsakar gida, bindiga a kan cinya, yana goge ta da tsumma. Auta tana wanke-wanke a bakin famfo. Tela ya tsaya ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya ce ya yi kuskure ranar Alhamis, ba shaho ba ne, wani ne mai cin kifi. Ya buɗe shafin, ya kwance takardar ya ajiye a gabansa.

Direba ya kalli wutsiyar kifin, ya toshe hanci, ya yi dariya har sai da ya dafe baya.

"Alhamis littafi ya ce tattabara, Asabar ya ce kifi. Zuwa Litinin zai ce burodi da shayi yake ci. Wannan littafin naka ai kwandasta ne, kowane fasinja da kuɗin da yake faɗa masa."

Tela ya ce littafin bai sauya magana ba, shi ne bai duba da kyau ba. Direba ya ce to wa ya tabbatar masa yau ya duba da kyau. Ɓawon kifi kuwa, kyanwa ma tana jan kifi ta kai gindin falwaya, masunta ma suna bi ta filin. Shi abin da ya sani, tattabarunsa uku babu su, kuma wannan abin ne baƙo a unguwa. Ya riga ya je ya yi wa mai walda bayani, ya karɓo bindiga, ba zai mayar da ita ya ce surukinsa ya sake shawara ba.

Auta ta ce, ba tare da ta juyo ba, ai Yaya bai taɓa mayar da abin aro a kan lokaci ba balle wannan. Ya ce ta yi wanke-wankenta. Ta ce tana yi, amma tun suna yara haka yake, in ya sa kai sai ya ga bango. Mutum ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi kuskure, mene ne a ciki in an duba?

Tela bai iya musu ba, ko a shago in mai kaya ya ɗaga murya shi yake yin shiru. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce zai bi shi gobe, kuma kafin ya harba ya karɓi madubin ya kalla sau ɗaya. In ya kalla ya ga har yanzu yana son harbi, ba zai ce komai ba. Direba ya ce ya ji, kallo ai ba ya hana harbi. Ya kuma gargaɗi Auta kada ta buɗe akurki da safe sai ya dawo.

Lahadi gari ya waye garau. Ƙarfe bakwai suna bayan katangar, Direba ya sami wani gurbi ya ɗora bakin bindiga, ya sa mata ɗan harsashi ƙarami kamar ƙwayar wake. Tela yana gefe a tsugune. Suka yi ta jira. Hankaka biyu suka sauka a kan falwayar suka yi gardamarsu suka tafi. Bayan Direba ya fara damunsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da bulo.

A nan ne ya ba da labarin jar tattabarar. Uwarta ta ƙi ta tun tana tsako, shi ya riƙa jiƙa hatsi yana ɗura mata da yatsa har ta yi gashi. In ya hawo bene ita ke fara sauka a kafaɗarsa. Ya ce mutum ya shekara ashirin yana kwana a hanya, ya dawo gida ya tarar ba abin da ya san shi sai tsuntsu, sannan wani ya zo ya ɗauke. Bai kalli Tela ba da yake faɗa, Tela ma bai ce komai ba, don bai ga abin da zai ce ba.

Takwas ta ɗan gota sai Tela ya hango shi. Yau ƙasa-ƙasa ya taho, yana kaɗa fiffike da nauyi, da wani abu a rataye a ƙarƙashinsa. Direba ya miƙe da sauri fiye da yadda bayansa ya saba yarda.

"Ga shi nan. Ga kuma ta wani ya ɗauko."

Tsuntsun ya sauka, ya ɗan yi tangaɗi, ya gyara tsayuwa. Direba ya kwantar da kumatu a kan bindiga ya rufe ido ɗaya. Tela ya cire madubin daga wuya ya miƙa shi har ya taɓa masa hannu.

"Yaya, alkawari."

Direba ya yi tsaki. Ya ɗan jima a haka, sannan ya jingine bindigar ya fizgi madubin. Ya kafa a ido ya ce ba ya ganin komai sai hazo, wannan ai wasa da hankali ne. Ya juya zai mayar, Tela ya riƙe masa, ya sa yatsa a kan 'yar tayar da ke tsakiya yana murzawa a hankali, yana cewa ya faɗa in ya washe. Ya murza gaba, Direba ya ce ya ƙara lalacewa. Ya murza baya. Sai Direba ya yi shiru.

Tela ba ya ganin komai yanzu sai da idonsa, amma ko a haka ya ga wani abu yana walƙiya a ƙarƙashin ƙafar tsuntsun, yana bugun kan falwaya.

"Kifi ne," in ji Direba. "Da ransa ma."

Bai sauke madubin ba. Ya yi ta kallo, yana ba da labari kamar Tela ba ya wurin. Ya ce ka ga yadda ya riƙe shi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kan kifin na kallon gaba, haka ya taho da shi. Ya ce wannan ya san ɗaurin kaya, bai bar iska ta dake shi ta gefe ba, akwai yaran mota da ya yi shekara yana koya wa haka ba su iya ba. Ta ka ya fara ci, yana yaga yana waige-waige.

Da hannunsa ya gaji ya sauke, fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce to ya gani, amma wanda ya karya da kifi wa ya ce ba zai yi abincin rana da tattabara ba. Ya kalli bindigar. Tela ya ji bakinsa ya bushe. Ya yi alkawarin ba zai ce komai ba, kuma ba shi da sauran abin nunawa, littafi ya riga ya zubar masa da daraja da hannunsa.

Direba ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya kira Auta, ya ce ta hau sama ta buɗe akurki, duka ƙofofin biyu. Aka ji muryarta tana tambaya ko ya tabbata, ya ce ta buɗe kawai. Ya mayar da wayar, ya ɗauki bindiga ya riƙe, ya ce wa Tela akwai waɗanda suka fi shi da littafinsa sanin shaho.

Can sai ga su sun tashi daga saman bene gaba ɗaya, fiffikensu na tafi. Suka yi sama suka karkata, suka zagayo ta kan filin kamar yadda suke yi kullum. Zagaye na farko suka wuce ta saman falwaya. Tsuntsun ya ɗaga kai, ya bi su da rawayan idonsa, ya mayar da kai kan kifinsa. Zagaye na biyu suka yi ƙasa har Tela yana jin iskarsu. Guda biyu suka ware suka sauka a kan katangar can gefe, namijin ya hau kumbura wuya yana zagaya macen.

Direba ya kalle su, ya kalli falwaya. Ya ce shekara goma yana kiwon tattabaru. In shaho ya gitta, ko yana can ƙololuwa kamar ɗigon tawada, kafin mutum ya gan shi sun gan shi, sai su dunƙule su faɗo akurki kamar an jefo duwatsu, ranar ko hatsi ba sa ci da kirki. Mako biyu ke nan suna zagaya wannan, suna iskancinsu a gabansa, shi kuma yana tsaye da kwano yana ƙirga waɗanda babu.

"Kai ka ce mini shaho ne."

"Ni na ce, Yaya."

"Da littafi a hannunka."

"Da littafi a hannuna."

Direba ya jira ko za a ƙara wani abu da zai kama, ba a ƙara ba. Ya karya bindigar, ya zaro ɗan harsashin da farce ya jefa a aljihu. Ya tambayi sunan abin. Tela ya ce yana cikin littafi amma bakinsa bai iya faɗa ba, sai Inna Nas ta dawo. Direba ya ce ba sai ta dawo ba, Masunci sunansa, in bai so ba ya zo ya faɗa. Ya ce kuma maganar tattabarunsa uku ba ta mutu ba, akwai wata ƙatuwar kyanwa da ke kwana a ƙarƙashin teburin mai walda, in ya je mayar da bindiga zai dube ta da kyau.

Tela ya haye kan katangar ya zauna, ya ɗora littafin rubutu a gwiwa. Tsuntsun ya ci rabin kifin, yana goge baki a gefen falwaya. Yana son ya rubuta yadda ya riƙe shi tun bai manta ba, da lokacin da ya zo, da ta inda ya ɓullo. Ya rubuta layi biyu, a na uku bakin fensirin ya karye. Ya lalube aljihu bai sami komai ba, ya fara ƙoƙarin ɓare itacen da haƙori, ido ɗaya a kan falwaya.

Direba ya riga ya saɓa bindiga ya yi taku biyu. Ya dawo, ya zare fensirin daga bakin Tela, ya goge a jikin wandonsa, ya fito da 'yar wuƙa daga cikin makullansa. Ya fere shi a tsanake, ya hure, ya gwada tsinin a babban yatsa, ya ajiye a tsakiyar littafin. Daidai nan tsuntsun ya buɗe fiffike, Tela ya ɗaga madubi da sauri. Direba ya bi ta cikin ciyawa ya nufi bakin titi, dafe da ƙugu.